Labarin Zuciya Ba Kullum Yake A Fuska Ba: Yadda Yaro Mai Otizim Ke Nuna Yana Tare Da Mu

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Maganar gaskiya ce a kan yawancin mutane, domin malamin da ya san aikinsa, tun kafin ya jefa tambaya ya riga ya karanta a fuskokin ɗalibansa wanda ya gane da wanda hankalinsa ya tafi kasuwa. Uwa ma da haka take gane damuwar jaririnta. Sai dai akwai wasu yara a cikinmu waɗanda wannan karin magana ba ya yi wa adalci, domin in ka tambayi fuskarsu ba za ta gaya maka komai ba, ko kuma ta gaya maka abin da ba shi ke nan ba. Su ne yaran da ke da larurar da likitoci ke kira otizim, wadda wasu kafafen watsa labarai na Hausa ke kira galahanga, ko da yake a bakin jama'a wannan kalma takan haɗa larurori da dama waɗanda ba su da dangantaka da juna. A nawa ra'ayin, yawancin lokutan da muke cewa irin wannan yaro hankalinsa ba ya jikinsa, yana nan tare da mu. Alamominsa ne ba mu koyi karantawa ba, kuma nauyin koyon ya fi hawa kanmu manya fiye da shi.

Otizim dai bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun daga farkon rayuwa, wanda ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a, da yadda yake magana, da yadda yake jin ƙara da haske da taɓawa, sannan yakan sa shi son maimaita abu guda. A shekarar 1943 ne wani likitan yara masu matsalar ƙwaƙwalwa mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins a Amurka, ya fitar da bayanin yara 11 da ya lura suna da wannan hali. Ƙiyasin duniya na shekarar 2021 ya nuna kusan mutum 1 cikin 127 yana da larurar, a Amurka kuwa, inda ake bincike sosai, alƙaluman da hukumarsu ta yaƙi da cututtuka ta fitar a 2025 sun ce yaro 1 cikin 31 ne daga cikin 'yan shekara takwas. An daɗe ana ɗauka ciwon Turawa ne, amma tun a 1978 wani masani mai suna Victor Lotter ya buga sakamakon binciken da ya yi a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, inda ya tarar da yara masu irin waɗannan alamomi. Ke nan duk unguwar da ke da yara ɗari biyu ko uku, ko Sabo ce ta Ibadan ko Agege ta Legas, da wuya a rasa ɗaya a cikinta.

To, bari mu fara da ido, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Kusan kowace takardar wayar da kai da aka fassaro daga Turai, abu na farko da take lissafawa shi ne yaro ba ya haɗa ido da mutane. Gaskiya ne da yawansu ba sa yi. A shekarar 2002 Ami Klin da abokan aikinsa a Jami'ar Yale sun yi amfani da na'urar da ke bin motsin ido, suka nuna wa matasa masu otizim wani fim, sai suka tarar ba su cika kallon idanun 'yan wasan ba, sun fi kallon bakinsu da jikinsu da kayan da ke cikin ɗakin. Amma mai karatu ya lura da wani abu: kallon suke yi, inda suke kallo ne ya bambanta. Wanda ke kallon bakin mai magana ai maganar yake bi. Manya masu otizim da suka iya bayyana kansu sun sha faɗin cewa kallon ƙwayar idon mutum yana ɗora masu nauyi, har ya zama ba za su iya haɗa shi da sauraro ba. In sun kalle ka maganarka ta ɓace masu, in sun kau da kai sai su ji ta tsaf. Hasali ma ko yaro mai lafiya ka ba shi lissafi mai wuya da ka, za ka ga ya ɗaga kai sama ko ya kalli gefe yana tunani. Saboda haka malamin da ke kama haɓar yaro yana cewa "kalle ni in ina magana", sau da yawa yana rushe sauraron da yake nema ne da hannunsa.

A wurinmu kuwa abin ya fi haka rikitarwa. Mu da kanmu muke koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, yaron da ke zuba wa babba ido kuwa mu ce ba shi da kunya. Wannan tarbiyya tana da fuska biyu ga yaro mai otizim. Yana ɗan shekara biyu ko uku, rashin kallonsa da shirunsa sai su zama abin yabo, a ce ai wane yaro ne mai kunya, ba shi da ƙiriniya, ba ruwansa da kowa. Da haka lokacin da ya fi dacewa a taimake shi yake wucewa. Da ya kai shekara biyar ko shida aka ga har yanzu bakinsa bai buɗe ba, sai yabon ya juye, a koma kiransa dolo ko gaula, wasu su ce an shafe shi, wasu su zargi kishiya. A duka matakan biyu ba wanda ya zauna ya duba abin da yaron yake yi a zahiri. Amma fuska ta biyu alheri ce: tunda mu ba mu taɓa ɗaukar haɗa ido a matsayin ma'aunin ladabi ba, ya kamata a ce mun fi kowa saurin yarda cewa mutum yana iya sauraronka kansa na ƙasa.

Idan ba ido ba, me za a duba? Alamar da na fi ba muhimmanci ita ce canji. Ka san abin da yaron yake yi kafin ka yi magana, sannan ka lura ko wani abu ya sauya bayan ka yi. Yaro yana juya murfin kwalba a ƙasa yana gunguni. Uwarsa ta ce da wansa, "tashi ka sayo mana ƙosai", sai gungunin ya tsaya cak na ɗan lokaci, ko murfin ya rage gudu, ko kuma bayan minti biyu a gan shi tsaye a bakin ƙofa da takalminsa a hannu. Bai ɗago kai ba, bai ce uffan ba, amma ya ji, ya kuma fahimta. Haka nan kallon wutsiyar ido, wanda mu kan ɗauka harara ce ko rashin kunya, a wurin da yawansu hanya ce ta kallon abu ba tare da ya yi masu yawa ba. Akwai kuma matsowa. Yaron da ke da faɗin tsakar gida gaba ɗaya, amma ya zaɓi ya zauna kusa da inda kakarsa ke tsince shinkafa, ya ba ta baya yana jera duwatsunsa, wannan zaman hira ne a wurinsa. In ta tashi ta koma inuwa ya kwashi duwatsun ya bi ta, to magana ta ƙare. Wani kuma zai yi ta zagaye ɗaki kamar ba ya jin abin da ake karantawa, amma duk zagayen da ya yi sai ya biyo ta wurin littafin ya ɗan dakata.

Sai kama hannu. Yaro ya ja hannun babansa zuwa wurin randa, ya ɗora hannun a kan moɗa. Littattafan likitanci suna lissafa wannan a cikin alamomin larurar, kuma haka ne, domin yaro mai lafiya da yatsa zai nuna yana waiwayen fuskar baban. Amma ga wanda ke zaune da yaron, wannan jimla ce cikakkiya: ya san abin da yake so, ya san inda yake, ya san wanda zai iya ba shi. Uban da ya fizge hannunsa ya ce "sai ka faɗa da baki" ya ƙi amsa magana ce don ba a yi ta da harshen da yake so ba. Wanda ya ɗebo ruwan yana cewa "ruwa, kana son ruwa", ya amsa, ya kuma ɗora kalma a kan buƙata a daidai lokacin da hankalin yaron ke kanta.

Wurin da ya kamata mu ɗaliban harshe mu fi daɗewa shi ne maimaita magana. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna maimaita abin da aka faɗa masu, ko nan take ko bayan kwanaki, wani lokaci tallan rediyo sukutum, da muryar mai tallan da karin sautinsa. Jama'a kan ce aku ne kawai, ba ma'ana. Kanner da kansa ya kawo labarin yaro na farko a cikin goma sha ɗayan nan, Donald Triplett, wanda mahaifinsa ya taɓa tambayarsa ko yana so a ɗora shi a kafaɗa, ya ce masa in yana so ya ce "i". Daga ranar, na tsawon lokaci, kalmar "i" a bakin Donald ma'anarta ita ce "ɗora ni a kafaɗa". Baƙon da ya ji yaro yana cewa "i" ba tare da an tambaye shi komai ba zai ce shirme ne. Wanda ya san tarihin kalmar ya san roƙo ne. A shekarar 1981 Barry Prizant da Judith Duchan sun ɗauki hoton bidiyo na yara masu maimaita magana suka bi shi daki-daki, suka nuna cewa maimaitawar tana yin ayyuka iri-iri: wani lokaci amsa ce ta "na yarda", wani lokaci roƙo, wani lokaci karɓar juyi ne a hira, wani lokaci kuma yaron yana juya maganar ne a bakinsa don ya fahimce ta.

Mu kawo shi gida. Yarinya ta zo gaban uwarta ta ce, "Kina son shayi?" Ba uwar take yi wa tayi ba, ita ke so. Ta ɗauki jimlar ce ɗungurungum kamar yadda aka saba faɗa mata ita duk safiya, ba ta kai ga rarrabe "ina" da "kina" ba tukuna. Wannan juya wakilin suna sananne ne a otizim, Donald ma yakan kira kansa "kai". Wani yaron kuma duk lokacin da ya tsorata sai ya ce "an kawo wuta", domin ranar da ya fara jin wannan magana fanka da rediyo sun tashi gaba ɗaya sun firgita shi. Duk wanda ya yi darasin nazarin ma'ana ya san kalma ba ta da ma'ana sai a cikin muhallinta. Abin da ake bukata a nan shi ne irin aikin da muke yi idan an tura mu tattara karin harshe: ka rubuta abin da aka faɗa, da lokacin da aka faɗa, da abin da ya faru kafin nan da bayansa, har tsari ya fito. Shi Donald ɗin, don mai karatu ya sani, ya yi karatu har kwaleji, ya yi aiki a banki a garinsu Forest da ke jihar Misisipi, ya tuƙa mota, ya yi tafiye-tafiye, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Karkaɗa hannu da jijjiga jiki da tsalle-tsalle su ne suka fi ba iyaye kunya a bainar jama'a, su ne kuma aka fi dukan yaro a kansu. Ba abu ɗaya suke nufi ba. Akwai karkaɗawar murna, wadda za ka ga jiki a sake, yaron yana matsowa kusa da abin da ya burge shi. Akwai jijjigar da ke taimaka masa ya natsu, kamar yadda wasunmu ke kaɗa ƙafa ko tauna bayan biro a ɗakin jarrabawa. Akwai kuma ta ƙunci, wadda ke zuwa da toshe kunne da ƙanƙame jiki da neman hanyar fita, idan ƙarar janareta ko hayaniyar biki ta fi ƙarfinsa. Abin takaici, yaron da aka daka wa tsawa ya sandare wuri ɗaya hannuwa a cinya shi ake cewa ya natsu, alhali wataƙila duk ƙarfinsa ya tafi wajen riƙe jikinsa, babu ragowar da zai saurari darasi da ita.

Wani zai ce duk wannan tausayi ne kawai, ina shaidar cewa lura da waɗannan ƙananan alamomi yana canza wani abu? Akwai ta. Farfesa Jonathan Green da tawagarsa a Jami'ar Manchester ta Ingila sun gwada wata hanya a kan yara 152 'yan shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2010. Ba yaran aka fi koyarwa ba, iyayen ne. Ana ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaro, sannan a zauna da ƙwararre a kalla tare, ana tsayar da hoton a wuraren da yaron ya yi wani yunƙuri, ya miƙo abu, ya ɗan waiwayo, ya yi wani sauti, amma babban bai lura ba don yana ta ba da umurni. Da iyayen suka koyi jira da amsa waɗannan yunƙure-yunƙure, sai yaran suka ƙara yawan fara mu'amala da kansu. Da aka sake bibiyar su bayan kimanin shekara shida, rahoton 2016 ya nuna alamomin larurar sun fi sauƙi a wurin yaran da iyayensu suka samu horon, ko da yake ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a gwajin harshe. Ba warkewa aka yi ba, kuma masu binciken ba su ce an warke ba. An kuma gwada hanyar a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba suka gudanar da ita, aka ga ta inganta mu'amalar iyaye da 'ya'yansu. Wannan na biyun shi ya fi jan hankalina, domin halin da suke ciki na ƙarancin likitoci irin namu ne, kuma yau gidaje da yawa ba a rasa waya mai ɗaukar bidiyo.

Amma fa akwai rami a ɗaya gefen, kuma soyayya ce ke jefa mutane cikinsa. Mai neman alama yana iya ganin wadda babu. A farkon shekarun 1990 wata hanya ta yaɗu a Amurka inda babba ke riƙe hannun yaron da ba ya magana yana taimaka masa ya danna haruffa, sai ga jimloli masu ratsa zuciya suna fitowa. Da aka yi gwaji, aka nuna wa yaron hoto ɗaya, aka nuna wa mai riƙe hannun wani daban, abin da mai riƙewar ya gani shi ke fitowa. A 1994 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa hanyar ba ta da madogara a kimiyya. Saboda haka alama sai ta maimaitu, sai wani ma ya iya ganinta, kafin a gina komai a kanta. Haka kuma ba kowane shiru ne sauraro ba. Yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi, abu na farko a auna jinsa a asibiti. Wanda kuma kan tsaya cak ido a kafe na 'yan daƙiƙoƙi, ko an taɓa shi ba ya motsi, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, a gaya wa likita, domin farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu otizim, kuma akwai nau'inta da ba ya kayar da mutum.

Na san malamin firamare mai yara saba'in a aji zai yi dariya ya ce ina ya ga lokacin kallon wutsiyar idon wani. Yana da gaskiya, ba kuma zan ce dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta rage masa yawan yara ba. Amma akwai abin da ba ya cin kuɗi. In ya yi wa yaron tambaya ya ƙirga goma a zuciyarsa kafin ya maimaita, domin da yawansu amsar tana tafe, jinkiri take yi, kuma kowace maimaitawa mayar da su farko take yi. Ya zaunar da shi nesa da taga mai hayaniya. In yaron motoci ne suka cika masa rai, a yi ƙidayar da motoci. Bulala kuwa a ajiye ta.

Akwai wani aiki da ya rage wanda namu ne mu masu nazarin Hausa. Takardar tambayoyin da aka fi amfani da ita wajen tantance yara 'yan wata 16 zuwa 30, wadda ake kira M-CHAT, tana tambayar iyaye ko yaro yana nuna abu da yatsa, ko yana kawo abu don ya nuna masu, ko yana amsawa in an kira sunansa. Tambayoyi ne masu kyau, amma duk wanda zai yi su da Hausa sai ya san gidan Bahaushe. Mu mukan yi nuni da baki ko da haɓa, mukan kuma hana yaro nuna mutum da yatsa. A gidaje da yawa uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta ma cika yi masa wasa a gaban mutane ba saboda alkunya, don haka wadda ta fi sanin alamominsa wataƙila kakarsa ce ko gwaggonsa ko yayar da ke goyonsa, kuma ita ya kamata a tafi da ita asibiti. Yaron da aka haifa a Idi-Araba ko Mile 12 yana jin Hausa a gida, Yarbanci a layi, sannan a gwada shi da Ingilishi. Binciken da aka yi kan yara masu otizim da ke tashi da harshe biyu bai nuna cewa hakan yana ƙara masu jinkirin magana ba, don haka babu dalilin da zai sa a ce wa uwa ta daina yi wa ɗanta Hausa, amma akwai dalilin da zai sa a gwada shi da harshen da ya saba ji. Sannan ga batun suna. A katin asibiti an rubuta Muhammadu ko Aishatu, ma'aikaciyar jinya ta kira har sau uku ba a waiwayo ba, ta rubuta cewa ba ya amsa sunansa, alhali sunan kakansa ya ci, tun ranar suna ba wanda ya taɓa kiransa da wani abu a gidan in ba Abba ba.